Difloma a Cikin Roba

Faisal, Alƙahira
Farkon Satumba

Zuwa ga taubashina Habu,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Husaina da yara, da shagon nan naka da ba a taɓa samun canji a cikinsa ba. Ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Ishaq yana ta fama da littattafansa, ya ce a gaishe ka.

Na ji an rufe muku sabis a Tsafe, wai sai mutum ya fita Funtuwa waya ke shiga. Shi ya sa na zauna na rubuta maka komai a jere, ranar da ka je sari ka karanta a tsanake. A tsanake na ce, Habu. Ba irin karatun da ka saba ba, ka duba layin farko ka ce ka gane.

Ka san tun da na biyo Malam garin nan ban sake sa fararen kaya ba. Aikin da na samu shi ne kula da wata tsohuwa a unguwar Mohandessin. Ni ke yi mata allurar suga, ni ke juya ta, ni ke wanke mata gyambon baya. Amma da likita ya shigo sai 'yarta ta nuna ni ta ce, "Ga yarinyar da ke taimaka mana." Yarinya! Ni da na sha riƙe ɗakin marasa lafiya guda ni kaɗai a gida. Wallahi duk ranar da ta faɗa sai na koma Faisal raina a ɓace.

To, Allah ya buɗe ƙofa. Na samu kwalejin jinya da ta yarda ta ɗora mini a kan diflomata. Ba sai na koma aji ɗaya ba, abin da ya rage zan yi in fito da digiri. Matar da ke karɓar takardun baƙi, Madam Samar, ta ga hoton takardata ta ce tamam, wato ya yi, amma asalin suke so a hannu. Tsakiyar Oktoba suke rufe karɓa. In ya wuce ni, sai baɗi.

Takardar tana ɗakin Inna, rataye a bango cikin gilashi. Hajiya Nana Khadija maƙwabciyarku za ta taho ganin likitan gwiwa kafin ƙarshen wata, ita za ka ba. Ka haɗo mini da daddawa da kuka da ɗan man shanu, don miyar mulukiyar mutanen nan ta fita raina. Amma don girman Allah ka kula da takardar. Kada ruwa ya taɓa ta, kada maiƙo ya taɓa ta, kada ta lanƙwashe. Ita kaɗai gare ni.

Ka gaishe mini da Inna da Husaina.

Taka da ta fi ka hankali,
Ummukulthum

*

Funtuwa
Ranar kasuwa

Zuwa ga Ummu sarkin umarni,

Amin wa alaikis salam. Saƙonki ya same ni a tsaye a tasha, wayata na ta kuka kamar an taka ɗan akuya, saƙonnin mako guda suna shigowa lokaci ɗaya. Kowa lafiya. Ƙafar Gwaggo, Innarki, da sauƙi, tana zuwa har ƙofar gida da sanda. Na karanta a tsanake har sau biyu, kada ki ce.

Amma kin haɗa ni da aiki. Da na shiga na ce zan sauke takardar, Gwaggo ta ce sai dai in sauke ta ita. Ashe duk wanda ya shigo gaishe ta, kafin a kawo masa ruwa sai ta nuna bangon nan da sanda ta ce, "Ta Ummu ce, nas ce." Har mai kawo mata itace ya haddace. Ta tambaye ni, "Wai ba ta gama karatun ba ne? Wannan ɗin ta mece ce?" Na ce mata akwai wata babba a gaba da ita. Ta ce ita dai wannan ta ishe ta. Na yi lallashi, na yi rantsuwa cewa za a dawo mata da ita, Husaina ta sa baki, da ƙyar ta kau da kai na ciro.

Sai ga Hajiya Nana da nata. Jaka ɗaya ce za ta riƙe, ta ce ita ba za ta ɗauki gilashi ba, kuma komai wuri guda zai shiga, daddawarki da man shanunki da takardarki. Na dubi man shanun nan, na dubi takardar, na tuna jirgi ne, ga zafi. Na ce Habu, in ka bari abin nan ya tafi haka, har ka mutu Ummu ba za ta daina yi maka gori ba.

To, kwantar da hankalinki. Yau da na shigo Funtuwa na yi wa takardarki gatan da ke kanki ba ki taɓa yi mata ba. Ba zan faɗa miki ba, sai kin gani da idonki. Abin da zan ce kawai, ko cikin kogin Nilu ta faɗa, ki tsamo ta ki goge da gefen mayafi. Daga aljihuna na biya, kuma mai kyan na zaɓa, ba na 'yan makaranta ba. In kin zama babbar likita ki tuna da wanda ya tsaya miki.

A gaida Malam. Ki ce masa ya rage karatu ya ci abinci.

Ubangidanki,
Habu

*

Faisal
Ƙarshen Satumba

Habu,

Ina gaisuwa saboda Allah ya ce a yi. Muna lafiya. Hajiya ta sauka lafiya, daddawa ta iso, kuka ta iso, man shanu ko ɗigo bai zuba ba.

Habu, laminatin? Laminatin ka yi wa takardata? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na zaro ta daga jakar Hajiya na ji ta ƙandare kamar faranti, sai da na nemi wuri na zauna. Malam ya ce in bari mu gwada, ƙila su karɓa.

Bari ka ji abin da gatanka ya jawo. Kafin kwaleji ta karɓi takardar baƙo, sai an buga mata hatimi a bayanta a ofisoshi biyu, kowanne ya sa hannu da biro. Na fita da sassafe, na matsu a 'yar bas ɗinsu ta mikrobas, na bi layi har ƙafata ta yi sanyi. Da na isa taga, mutumin ya karɓa ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce kamar mai sayen kankana. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa. Sai ya ɗauki hatimin ya danna a bayanta don in gani, ya sa babban yatsa ya shafa, tawadar ta bi yatsansa tas. Ya ce, "Ma'alish ya madam, yi haƙuri. A kan takarda muke bugawa, ba a kan roba ba. Kuma abin da aka rufe haka, ina za mu san na gaske ne?" Na yi magiya da Larabci, na yi da Turanci, har Hausa na yi masa. Ya ce wanda ke bayana ya matso.

Maƙwabciyata Mahasin, Bahaushiyar Sudan ce, ita ma nas, ta ce ta taɓa ganin an ɓare irin wannan da dutsen guga. Muka shimfiɗa ƙyalle muka gwada a kusurwa ɗaya. Da yake mai kaurin ka zaɓa, Allah ya saka maka, robar ta ƙi ɗagowa sai da muka ƙara wuta. Da ta ɗago sai ta taho da fatar takardar, kusurwar ta ƙone, gefen tambarin makaranta ya tafi. Na ce Mahasin khalas, tsaya haka nan. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Na ce kada ruwa ya taɓa ta. Ban ce ka binne ta da rai ba! Ko tambaya ba za ka yi ba? Amma laifina ne da na ɗora wa mai sayar da sabulu da ashana aikin takarda. Mutumin da bai taɓa riƙe takardar shaida tasa ta kansa ba, ina zai san yadda ake riƙe ta wani?

Yanzu abin da ya rage, ka je makarantarmu a birni ka ce su ba ni wata. Ka je da hoton tsohuwar takardar da lambata ta makaranta, na tura maka. Kuma in sun ba ka, kada ka yi mata komai. Komai, Habu. Ko hura mata iska kada ka yi.

Ummukulthum

*

Mohandessin
Oktoba ta kama

Habu,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya, don shirun nan naka ya fara ba ni tsoro, kuma ya fi ba ni haushi.

Ranar kasuwar Funtuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban ji ɗuriyarka ba. Na ga alamar ka buɗe saƙona, saboda haka kada ka ce sabis. Fushi kake? Kai ka lalata mini takarda, kuma kai ne da fushi? Ikon Allah.

Ina rubuta maka ne a gefen gadon tsohuwata, ta samu barci. Jiya na roƙi 'yarta ta sake ni da rana, na hau jirgin ƙasa na metro na je wurin Madam Samar da farantin naka. Ta juya shi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ni ce ta uku daga ƙasarmu da ta kawo mata irinsa bana, wai mu me ya haɗa mu da roba ne? Ni dai ban yi dariya ba. Ta ce za ta riƙe mini gurbi har a gama hutun Maulidi, daga nan sunaye za su wuce sama, ba ta da iko a kansu. Ga rumfunan alawar Maulidi har an fara kafawa a titin Faisal. Duk wanda na wuce sai gabana ya faɗi.

Malam ya karanta abin da na rubuta maka wancan karon, ya ce harshena ya yi tsawo. Na ce shi ba a ƙona masa takarda ba. Amma dai, to, akwai layin da bai kamata in rubuta ba. Ka san shi. Ka amsa mini ko da zagi ne.

Ya ƙafar Inna?

Ummu

*

Funtuwa
Laraba

Zuwa ga Ummukulthum,

Sallama. Muna lafiya, Gwaggo ma lafiya, sai dai rigima da zan gaya miki a ƙasa.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Fushin na yi shi, ba zan ɓoye miki ba, amma a mota na yi shi. Washegarin ranar da na karanta saƙonki na bar wa Husaina shago na tafi birni. Kin san yadda hanyar nan take yanzu, direba na tuƙi kowa na salati. Can ma babu sabis, da me zan rubuto?

Makarantarku sun ce ba a ba da takardar shaida sau biyu, ko gobara ce ta cinye ta. Abin da za su iya shi ne wasiƙar tabbatarwa, da takardar sakamakon duk jarrabawar da kika yi. Na ce a ba ni. Suka ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya garinsu. Na ce zan jira. Benci ne a ƙofar ofishin, ni da shi muka saba, har masinja ya fara aikena sayen goro. A shagon wani abokina nake kwana. Da mutumin ya dawo ya ga sunanki ya ce ya tuna ki, wai ke ce mai gardama da malamai. Na ce ba ta canza ba.

Takardun suna hannuna. Ban yi musu komai ba. Na yanka kwalin sabulu gida biyu na sa su a tsakiya na ɗaure da zare, ko leda ban sa ba don kada ki ce ita ma roba ce. Harun ɗan Liman zai koma karatu wurinku, jirginsa ranar Lahadi daga Kano, shi na ba. Na ce masa a ƙirji zai rungume su har Alƙahira.

Sai maganar layin nan. Gaskiya kika faɗa, ban taɓa riƙe tawa ba. Kin san shekarar da Baba ya rasu na bar aji na shiga shago, har ke kika riƙa zuwa karɓar biro bashi. Ranar da na ciro takardarki daga gilashi, ita ce takardar shaida ta farko da na taɓa riƙewa tsirara a hannuna. Na ji ta shafal, iska ma za ta iya ɗauke ta, na ce duk wahalar yarinyar nan a kan wannan 'yar abar take? A nan duk wanda ya samu takarda mai daraja roba yake sa mata, har takardar fili. Kuma ki koma ki duba saƙonki na farko, a tsanake. Kin lissafa ruwa, kin lissafa maiƙo, kin lissafa daddawa. Hatimi ko sau ɗaya ba ki ambata ba.

Rigimar Gwaggo kuwa, ƙusar nan ce da na ciro takardarki daga jikinta. Baƙo ya shigo sai ta ɗaga sanda ta nuna bango, sai ta tuna babu komai, ta sauke. Shekaranjiya ta ce da ni, "Ka ce za a dawo da ita." Tunda ta roba ba ta da amfani a wurinku, a nan tana da shi. Ki ba Hajiya Nana in za ta dawo.

Allah ya sa a dace.

Mai sayar da sabulu da ashana,
Habu

*

Faisal
Bayan Maulidi

Zuwa ga ɗan'uwana Habu,

Sallama. Ina gaishe ka, ina gaishe da Husaina da ta riƙe shago saboda ni. Muna lafiya.

Ban samu ba, Habu.

Harun ya iso da kwalinka a rungume kamar yadda ka ce. Takardun lafiya lau, sai ƙamshin sabulu. Washegari na samu hatimin farko. Da ka ga yadda tawadar ta zauna daram a bayan takardar, sai da na tsaya ina kallonta kamar sakarya. Ofishi na biyu kuwa na je na tarar layi ya zagaye gini, kowa na so ya gama kafin hutu, aka rufe taga saura mutum kaɗan a gabana. Sai hutun Maulidi, ya haɗe da Juma'a da Asabar. Ranar da aka buɗe na samu hatimin, na tari tasi ban ko yi ciniki ba. Madam Samar ta gan ni tun daga ƙofa ta girgiza kai. Sunaye sun wuce da safe. Ta karɓi takardun ta duba gaba da baya ta ce, "Yanzu kam tamam. Ki ajiye su, baɗi ke ce ta farko."

Na fito na zauna a bakin titi a Wustul Balad, tsakiyar gari, ina jin haushin kowa. Haushinka, haushin mai taga, haushin dutsen gugar Mahasin, haushin man shanun da ni da bakina na ce a haɗo. Na koma na karanta saƙona na farko. Babu hatimi a ciki. Na sake karantawa ko zai fito, bai fito ba.

Gobe zan koma Mohandessin in ci gaba da zama yarinyar da ke taimakawa, har shekara ta zagayo. Abin da ciwo, ba zan ce maka babu ba. Amma ka bi hanyar da mutane ke tsoro, ka kwana a shagon wani, bayan na faɗa maka maganar da ko maƙiyi sai ya yi tunani kafin ya faɗa. Ka yafe mini. Wannan karon ba wasan taubasai nake ba.

Sabbin takardun suna cikin kwalinka na sabulu a ƙasan akwatin Malam, na hana kowa taɓawa. Ta robar na ba Hajiya Nana, tare da alawar Maulidi ta yara. Kai nake so ka mayar da ita jikin ƙusar da hannunka.

Taka,
Ummu

*

Funtuwa

Ummu,

Sallama. Kowa lafiya. Yara sun cinye alawa, sun ce a ƙaro. Maganar yafiya ta wuce, kada ki sake tayar da ita. Baɗi kuma ki rubuto mini komai da komai, har abin da kike ganin ko jaki ya sani.

Hajiya ta kawo saƙo. Na mayar da ita cikin gilashinta na rataye, Gwaggo na zaune tana ba da umarni, a ɗaga nan, a sauke can. Da ta daidaita sai ta ce in sake sauko da ita. Ta kai ta kusa da idonta, ta ga kusurwar nan da ta ƙone, ta yi salati ta ce, "Habu, lafiya lau ta bar gidan nan. Wane mara hankalin ne ya yi mata wannan aika-aikar?"

Na ce, "Gwaggo, masu ilimi ne."

Habu